An kyauta mana ko ba a kyauta ba? Kullen korona da allura a idon mazauna Makka da Jidda

Dan_Misfala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i ina share tsofaffin hotuna a waya sai na ci karo da wani da na ɗauka ta taga a watan Afrilun 2020. Titin Ibrahim Khalil ne, wanda ko ƙarfe uku na dare sai ka goga kafaɗa da mutane, amma a hoton babu kowa, sai motar 'yan sandan sintiri guda ɗaya da tantabaru a tsakiyar kwalta. Na daɗe ina kallonsa.

Abin da ya sa na kawo maganar, makon jiya wani abokin yayana ya zo Umara daga Kaduna, muna shan shayi ya ce min: "Ku dai kun more lokacin korona, gwamnatin nan ta san abin da take yi. Mu a gida taliyar talakawa aka kulle a sito." Na buɗe baki zan ce haka ne, sai maganar ta maƙale min a wuya. Ta fuskar magani da allura ba ni da abin cewa sai godiya. Amma ta fuskar ciki, da ta wanda ba shi da takarda, abin da idona ya gani a Misfala ba morewa ba ne. To ina son in ji daga gare ku, musamman waɗanda aka rufe unguwanninsu tun kafin sauran gari. An kyauta mana ko ba a kyauta ba? Kowa ya faɗi abin da ya gani, ban da na ji an ce.

AbuFaisal_Azizi:
Wa alaikumus salam. An kyauta, kuma duk wanda ya ce ba a kyauta ba bai yi wa Allah godiya ba. Tun 27 ga Fabrairu aka dakatar da shigowar masu Umara daga waje, alhali ko mutum ɗaya ba a samu da cutar a ƙasar nan ba tukuna, sai 2 ga Maris aka samu na farko. Wace ƙasa ce za ta rufe ƙofar abincinta da hannunta don kare rayuka? Ka san abin da Umarar Ramadan kaɗai take kawowa Makka.

Hajiya_HoshBakar:
Ɗana AbuFaisal, kai a Aziziyya kake, da firij da albashi. Bari in faɗa maka yadda aka yi a wajenmu.

Mu 'yan unguwar Hosh Bakar an rufe mu ranar 30 ga Maris, mu da Nakkasa da Misfala da Ajyad da Hujun da Masafi. Sauran Makka sai 2 ga Afrilu aka sa musu hazar, wato dokar hana fita, na dare da rana. Mun wayi gari an gitta motoci a bakin unguwa, ba shiga ba fita. An ce daga shida na safe zuwa uku na rana za ka iya zuwa baƙala, wato kantin kayan masarufi, a cikin unguwa. To da me za ka je? Ni sana'ata tuwo da miyar kuka nake yi wa alhazai da masu tura keken Harami. Ranar da Harami ya rufe, ranar tukunyata ta kife. Mu tara ne a gidan, da jikoki. Mako na farko mun ci abin da ke ƙasa, na biyu na sayar da 'yan kunnena wa wata maƙwabciya, na uku muka koma farar shinkafa da gishiri da ɗigon mai. Akwai ranar da jikata ta ce min "Hajiya yau ma fara ce?" na shige banɗaki na yi kukana na wanke ido na fito.

Maƙwabciyata ta sama, wata 'yar Barma, ita take zuro min guga da igiya ta taga, wani lokaci albasa biyu, wani lokaci burodin tamis guda. Idan na samu ni ma in ɗaura mata. Ba ma jin yaren juna sosai sai ɗan Larabcin kasuwa. Allah Ya saka mata.

AbuFaisal_Azizi:
Allah Ya huci zuciyarki Hajiya, ban faɗa don in raina wahalar kowa ba. Amma ai an yi ta rabon kwalayen abinci a unguwannin nan, na gani da idona motoci suna shiga.

Hajiya_HoshBakar:
An raba, ba zan ci amanar Allah ba. Sau biyu kwali ya iso gidana, shinkafa da mai da sukari da madara da dabino. Amma ka tambayi yadda aka rubuta sunaye. Namu ne suka rubuta, ba Larabawa ba. Wani babba daga cikin masu cewa su ne shugabannin jaliya, wato al'ummarmu mazauna nan, ya zauna da littafi, danginsa da 'yan garinsu ne a shafin farko. Akwai gidan da ya karɓi kwali biyar, akwai gwauruwa mai marayu huɗu a lungunmu da ba ta ga ko ɗaya ba sai da muka yi masa ca. Wannan ba zan ɗora wa hukuma ba.

Nas_Rukayya:
Ina aiki a wani asibiti a Jidda tun kafin korona, kuma a ɗakin masu cutar aka sa ni wata bakwai. Abu ɗaya nake so a riƙe. A ranar da Hajiya ta ce an rufe su, 30 ga Maris, a ranar ce ministan lafiya na lokacin, Tawfiq al-Rabiah, ya sanar da umarnin Sarki Salman cewa a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai iƙama (takardar izinin zama) har da wanda ya karya dokar zama, kuma ba za a kama shi ba. Ni shaida ce an yi aiki da shi. Na kula da wani dattijo Bahaushe da ba shi da ko takardar haihuwa, kwana 19 yana kan iskar oksijin, ya warke ya tafi gida, ko riyal ba a karɓa ba, ba wanda ya kira jawazat, wato jami'an shige da fice.

Abin da ya ci mu shi ne tsoro. Mutanenmu ba sa zuwa sai numfashi ya kusa ɗaukewa. Ka ce su kira 937, layin ma'aikatar lafiya, su ce a'a, tarko ne, daga asibiti sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Wallahi akwai waɗanda da sun zo da kwana uku kafin nan da suna raye, da izinin Allah.

Direban_Kilo14:
Anti Rukayya, tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana canza hanya in ya hango kaki, ba sanarwa ɗaya a talabijin ce za ta cire masa shi ba. Kuma da wane yare aka yi sanarwar? Da yawa daga iyayenmu mata a WhatsApp suka ji, gauraye da ƙarya iri goma.

Nas_Rukayya:
Wannan gaskiya ne. Mu da muka ji Larabci muka kuma ga abin da ido, mu ya kamata mu bi gida gida da murya. Wasu sun yi, ni ban yi yadda ya kamata ba, gajiya ta hana. Har yau yana damuna.

BaKano_a_Riyad:
Ni dai ina tare da baƙon nan na Kaduna. Ku da kuke nan ba ku san abin da aka yi a gida ba. A Afrilun 2020 Kano sai da masu haƙar kabari suka gaji. Malamai, 'yan boko, 'yan kasuwa, dattawa, kullum sai ka buɗe Facebook ka ga inna lillahi. Da farko aka ce ba korona ba ce, hawan jini ne da sanƙarau da zazzaɓi. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito ya ce mutum 979 ne, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce. A tsakiyar wannan kuma gwamna Ganduje yana neman naira biliyan 15 daga Abuja, wurin gwaji ya tsaya, ana ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasunsu da cutar a jiki. Kawuna a cikinsu ya tafi, a Fagge, kwana huɗu yana tari ba wanda ya gwada shi.

Gandujiyya_Har_Jidda:
Allah Ya jiƙan kawunka. Amma ka daina jingina wa mutum ɗaya. Wurin gwajin na gwamnatin tarayya ne. Kuma Buhari ne da kansa ya rufe Kano ranar 27 ga Afrilu. Mayar da almajirai kuwa gwamnonin arewa ne suka haɗu suka yanke, har da El-Rufa'i da kuke yabo. Ku masu jar hula komai sai kun mayar da shi zaɓe.

BaKano_a_Riyad:
Wa ya yi maganar hula? Ni gawa nake lissafa maka.

Gandujiyya_Har_Jidda:
To kayan tallafin da jama'a suka fasa sito suka kwashe a Oktoban 2020, a Jos da Kaduna da Legas, su ma Ganduje ne ya ɓoye? Abin ya game ƙasa, kowace jam'iyya da nata.

Shugaban_Zaure:
Alhaji BaKano, Alhaji Gandujiyya, don Allah a dawo. Dan_Misfala nan ya tambaya, ba Kano ba. Kuma ina tunatar da kowa, a faɗi abin da aka gani cikin ladabi, ban da zagi, ban da jita-jita. Kun san inda muke zaune.

Direban_Kilo14:
Bari in dawo da mu. Mu a Jidda ranar 4 ga Afrilu aka rufe Kilo 14 ta kudu da ta arewa, da Kilo 13, Gulail, Petromin, Mahjar da Ƙurayyat. Ni ina jan motar kai ruwa ta wani ƙaramin kamfani, don haka ina da tasrihi, wato izinin fita. Wata rana na makara, tasrihina ya ƙare da kamar minti arba'in, aka tsayar da ni a shingen bincike. Laifina ne, ban musa ba. Washegari saƙo ya shigo, tarar riyal 10,000. Albashina 1,800 ne a lokacin, kuma a watan ne mai kamfanin ya zaftare mana kusan rabi. Ka lissafa. Sai da na shekara da wata biyu ina biyan bashin da na ci na biya ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, abokan aikinmu 'yan ƙasa tsarin Sanid, inshorar rashin aiki, ya biya musu kashi 60 na albashi, mu kuma doka ta ba masu kamfani dama su rage mana har kashi 40. Mota ɗaya muke ja, rana ɗaya take dukanmu. Sannan ranar 1 ga Yuli harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15, wannan kuma bai tambayi launin iƙama ba.

AbuFaisal_Azizi:
Sanid ai kuɗinsu ne da ake cira daga albashinsu tun da can, mu ba a cire mana. Kuma kowace gwamnati 'ya'yanta take fara dubawa. Ka tuna a lokacin ne farashin mai ya faɗi warwas, su ma an janye musu alawus ɗin tsadar rayuwa. Mu kuma an ƙara mana wa'adin iƙama wata uku kyauta, ni na amfana.

Direban_Kilo14:
Na yarda da batun iƙama, ni ma na samu. Amma wata uku na iƙama ba ya shiga tukunya, Yaya.

Dan_Maiwurno:
Salamu alaikum. Ni Bahaushen Sudan ne, daga Maiwurno kusa da Sinnar, ina aikin gini a Madina. Na karanta duka, kuma ina jin zafin Hajiya, amma bari ku ji namu. A Khartum ranar 18 ga Afrilu aka sa kulle, gwamnatin riƙon ƙwarya ce ta Hamdok, ba ta kai shekara ba, baitulmali wayam. Kwana biyu kafin nan sai da Hamdok ya tsige gwamnan Khartum, wani janar, saboda ya ƙi hana sallar jam'i a masallatai. Kun ga tun daga nan cuta ta zama rigimar soja da farar hula. Magoya bayan tsohuwar gwamnati suna cewa babu korona, 'yan gurguzu ne suke son rufe masallatai.

Ƙanena yana zaune a Mayo. Ya ce ana cewa a ba da tazara, alhali tun asuba mutum ɗari suna manne da juna a layin burodi, wani layin na gas, wani na fetur. Samarin kwamitocin unguwa su ne suka riƙa rubuta gidaje suna kai burodi ƙofa ƙofa. Asibitoci da yawa sun rufe don likitoci ba su da kayan kariya, mai ciwon suga da mai naƙuda suka riƙa mutuwa a mota ana yawo da su. Ministan lafiyar ma, Akram Ali al-Tom, a watan Yuli aka sauke shi. A Nuwamba cutar ta ɗauke Sadiƙul Mahdi, sannan wasu suka yarda akwai ta. Allura kuwa sai Maris 2021 ta iso, ta tallafi.

Ni a nan aka kwashe mu daga ɗakin da muke mu goma sha biyu aka kai mu wata makaranta da aka mayar masauki, aka gwada mu, ana kawo abinci sau uku. Ban ga wannan a ƙasata ba.

Hajiya_HoshBakar:
Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ɗana. Abin da ya same ku bayan nan ma ya mantar da korona.

Dan_Maiwurno:
Amin Inna. Tun rikicin Damazin na 2022 ba mu huta ba, sai ga yaƙi a 2023.

Malam_Sharai:
Ina so in taɓa batun masallatai tunda ɗan'uwa ya ambata. Ranar da na fara jin ladan ya ce "sallu fi buyutikum", wato ku yi salla a gidajenku, a tsakiyar Maris, ina tsaye da alwala a bakin ƙofa, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Shekarata 61 ban taɓa ji ba sai a karatu. Amma abin yana da asali. Hadisi ingantacce ne cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, idan ta same ku a ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba. Don haka ni ban ga laifin hukuma a rufe masallaci ba, kuma manyan malaman ƙasar ne suka ba da fatawa. Hajjin 2020 kuwa, daga mutum miliyan biyu da rabi a 2019 aka dawo 'yan tsiraru mazauna ƙasa, tsakuwar jifa ma a leda aka ba su, an tsaftace ta. Ciwo ne, amma ba a ji an kwashi cuta a Mina ba.

Inda nake da magana shi ne jana'iza. Aminina ya rasu a Ramadan na shekarar, mutum shida aka bari muka raka shi maƙabartar Shara'i. Mutumin da ya yi wa ɗaruruwa wanka.

Ummu_Khadija_Madina:
Ni batun allura ne ya kawo ni. Kowa yana cewa kyauta ce, kyauta ce. To kyautar da in ba ka karɓa ba ba ka shiga kasuwa, ba ka shiga wurin aiki, ba ka shiga Masallacin Annabi, sunanta kyauta? A lokacin, daga 1 ga Agustan 2021, ko kanti za ka shiga sai ka nuna manhajar Tawakkalna a waya ta yi kore shar an rubuta muhassan, wato wanda ya yi allura. Ni ban so ba. Mu 'yan Kano muna da dalili. A 1996 lokacin sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 suka rasu cikin 200, wasu suka nakasa, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha. Sai kuma a ce min sunan nan dai shi ne a jikin kwalbar? Na yi wata biyar ina ja, ranar da jami'ar tsaro ta mayar da ni daga ƙofar Harami saboda wayata ba ta yi kore ba, ranar na yi rajistar allura a manhajar Sehhaty ina hawaye.

Nas_Rukayya:
Yaya Ummu Khadija, abin da ya faru a 1996 gaskiya ne, ba wanda zai ce ki manta. Shi ne ma ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, kuma kin san yaran da suka gurgunce a dalilin haka. Amma ki duba bambancin. A can an zaɓi 'ya'yan talakawa ne aka gwada. A nan ranar 17 ga Disamban 2020 da aka fara, ministan lafiya yana cikin na farko da suka miƙa hannu, Yarima Muhammad bin Salman ya yi a ƙarshen watan, Sarki ya yi a Janairu. Layi ɗaya muka bi da 'yan ƙasa, kwalba ɗaya. Ni da hannuna na yi wa Basa'udiya na juya na yi wa 'yar aikinta daga kwalbar. Kuma na ga yadda ɗakinmu ya fara yin fili bayan tsofaffi sun karɓa.

Ummu_Khadija_Madina:
Ban ce guba ba ce, na yi uku kuma ga ni lafiya, sai zazzaɓin kwana biyu. Tilascin nake magana. Da an zaunar da mu an yi mana bayani irin wanda kika yi yanzu, da na je da ƙafata da zuciya ɗaya.

Matashi_Mawalid:
Ku kuna maganar an tilasta muku, mu muna roƙon a tilasta mana ba mu samu ba. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, kakana da ƙafa ya zo ta Sudan ya tsallako ta Sawakin. Ni ba ni da iƙama, ba ni da fasfo, ba ni da wata lamba da na'ura ta sani. Manhajar nan lamba take tambaya kafin komai. Wanda iƙamarsa ta mutu yana da lamba, wanda ya shigo da bizar Umara ya zauna yana da lambar shigowa. Ni fa? Na je wurin allura sau uku, suna min magana da mutunci, amma sai su ce ba inda za su rubuta ni. Kafin korona ina shiga ko'ina a Makka ba wanda ya san ba ni da takarda, Larabcina irin nasu ne. Tawakkalna ce ta fallasa ni. Aikin da nake yi a wani shagon waya ya tafi, don mai shagon yana tsoron tara.

AbuFaisal_Azizi:
Ni na san marasa iƙama da aka yi wa allura, ƙanena. Wataƙila ba ka dace da wuri ba ne.

Matashi_Mawalid:
Ka sake karanta abin da na rubuta, Yaya. Marasa iƙama kala kala ne.

Dan_Misfala:
Wannan shi ne abin da ya maƙale min a wuya gaban baƙon nan. Na gode Matashi. A layinmu akwai irinka sun fi ashirin.

Direban_Kilo14:
Akwai kuma abin da ban ga an taɓo ba. Ku ɗauko sunayen unguwannin Jidda da aka fara rufewa a 2020, ku ajiye kusa da sunayen da hadad, wato rusau, ya cinye daga ƙarshen 2021 zuwa 2022. Gulail, Petromin, Kilo 14. Gidan da na yi kullen a ciki yau fili ne, ko alamar lungun ba za ka gane ba. Ni a raina korona ce ta nuna musu yawanmu da inda muke.

Injiniya_Sani:
A'a Malam Direba, nan ka haɗa abin da ba a haɗe yake ba. Maganar rushe unguwannin da ba su da tsari ta girmi korona da shekaru, tun ambaliyar Jidda ta 2009 ake ta yi. Hadad ɗin kuma ya ci Sabil da Kandara da wasu da dama waɗanda ba sa cikin jerin farko na kulle. Kuma ga masu ganin an fara da unguwannin baƙi don wariya, ku tuna wurin da aka fara rufewa a ƙasar nan kaf shi ne Ƙaɗif, ranar 8 ga Maris, kuma 'yan ƙasa ne. Inda mutum goma suke kwana a ɗaki guda da banɗaki ɗaya, nan cuta take gudu. Ni ma a Sabil na tashi, na san yadda muke.

Direban_Kilo14:
Na ji, Injiniya, ba zan yi musu a kan tarihi ba. Amma mai gida ɗan ƙasa an yi masa lissafin diyya, mu 'yan haya aka ba mu kwanaki mu kwashe. Daga bashin tara na faɗa bashin haya, kuɗin ɗaki ya ninka. A jikina abu ɗaya ne, ko da a takarda biyu ne.

Maman_Abdallah:
Ni dai yarana ne suka ba ni tausayi. Tun 9 ga Maris 2020 aka rufe makarantu, aka koma karatu daga gida, daga baya ta manhajar Madrasati. Waya ɗaya gare mu, yara uku, babansu kuma yana fita da ita saboda Tawakkalna. Ƙaramin har ya shiga aji uku bai iya haɗa baƙi ba. Yanzu muke ta gyara.

BaKano_a_Riyad:
Duk da haka ku gode. A gida a Disamban 2021 allura sama da miliyan ɗaya aka zubar a juji a Abuja don ta lalace kafin a yi wa mutane. A watan ne kuma aka dakatar da jiragen Najeriya zuwa nan saboda Omikron, ina Kano na je aurar da ƙanwata, na maƙale.

Gandujiyya_Har_Jidda:
Allurar nan Turawa ne suka riƙe ta sai da ta kusa mutuwa suka turo mana. A nan kam ban ga laifin Abuja ba.

Malam_Sharai:
Hajiya ta Hosh Bakar, ban ji kin ce komai a kan allura ba. Ke kin samu?

Hajiya_HoshBakar:
Na samu Malam, amma a makare. Iƙamata ta daɗe da mutuwa tun rasuwar maigidana, sai wani yaron maƙwabta ya yi ta fama da wayar har ta karɓi tsohuwar lambar. Kafin nan kuwa, ina hawa rufin gida in shanya kaya ina kallon hasumiyar agogo, ina jin kiran sallar Harami da kunnena, amma ba ni da ikon zuwa. Da aka buɗe Umara ranar 4 ga Oktoban 2020 sai da izini ta waya, ni kuwa ba ni a ciki. Shekara 34 ina garin nan, ban taɓa yin Juma'a biyu a jere ban shiga ba sai lokacin.

Ranar da na koma, an riga an ɗaye tambarin tazarar nan daga ƙasa, sahu ya haɗe. Wata Ba'indonisiya ta matso kafaɗarta ta taɓa tawa, sai na ji jikina yana rawa. Ban iya karanta komai a raka'ar farko ba bayan Fatiha. Maƙwabciyata mai guga ba ta ga ranar ba, ta rasu a kulle na farko, ana gobe Sallah.

Ummu_Khadija_Madina:
Allahu akbar. Allah Ya jiƙanta, Ya sa aljanna ce makomarta.

AbuFaisal_Azizi:
Amin. Ni har yanzu ina kan cewa an kyauta, don da an yi sakaci irin na wasu ƙasashe da gawarwakin Makka ba za su ƙirgu ba. Amma Hajiya na karɓi gyara a kan maganar godiya da na yi da farko, ki yafe ni.

Hajiya_HoshBakar:
Ba komai ɗana, Allah Ya yafe mu gaba ɗaya.

Nas_Rukayya:
Matashi_Mawalid, kana nan? Mahaifiyarka tana da wata tsohuwar takarda, ko katin asibitin da aka haife ka, ko shaidar makaranta? Ka yi min magana ta gefe. Akwai wata dattijuwa a wurin aikinmu da ta bi wa jikokinta irin wannan ta ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, zan tambaye ta daga ina ta fara.

Matashi_Mawalid:
Ina nan Anti. Akwai katin rigakafin jarirai, ya yage ta gefe amma sunana yana fita. Zan ɗauki hotonsa in an dawo daga magariba.